Mahaucin da Ya Rage Mutum Takwas: Tarihin Gasar Zari-Ruga ta Melrose

Duk wanda ya taɓa riƙe kuɗin kulob ɗin ƙwallo a unguwa ya san ranar da ake zazzage asusu a tarar babu ko na sayen ruwan leda. Rigunan 'yan wasa sun yage, ƙwallo ta fashe, mai mota yana bin bashin tafiyar watan jiya, manyan da suka yi alkawari kuma wayarsu ta daina shiga. A irin wannan rana ce yawancin ƙananan kulob ke mutuwa shiru, sai dai a riƙa tuna su a majalisa. To, tarihin da na kawo muku a wannan fitowa na wani kulob ne da ya kai wannan gaɓa a shekarar 1883, a wani ɗan ƙaramin gari can ƙasar Sikotilan. Dabarar da wani yaron mahauci ya kawo don a ceci kulob ɗin ita ce ta zama gasar shekara-shekara da har yau ake yi, kuma daga cikinta aka samu wasan da yanzu ake ba da lambar zinare a kansa a gasar Olamfik.

Kafin mu yi nisa, bari a ɗan yi wa wanda bai san wasan ba bayani. Zari-ruga, wanda wasu ke kira ragbi, ana yin sa ne da ƙwallo mai siffar ƙwai. Ɗan wasa yana ɗaukar ta a hannu ya ruga da ita, abokan hamayya su tare shi su kayar. Ba a jefa wa abokin wasa ƙwallo zuwa gaba, sai baya ko gefe. In kana son ta yi gaba, ko ka gudu da ita ko ka buga ta da ƙafa. Babban ci shi ne ka tsallake layin ƙarshe na abokan hamayya ka dangwala ƙwallon a ƙasa, wanda a yau maki 5 ne. Daga nan a ba ku bugun ƙari, idan ƙwallon ta bi ta tsakanin dogayen turaku biyu, sama da sandar da ta gitta su, ku ƙara maki 2. Cikakken wasa mutum 15 ne kowane ɓangare, minti 80. Wanda muke magana a kansa kuwa mutum bakwai-bakwai ne, minti 7 a juya, minti 7 a tashi, amma a fili guda, ba a rage ko taku ɗaya ba. Kun ga ke nan, wanda ba shi da numfashi ba shi da wurin ɓuya. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Gari da kulob

Melrose gari ne a yankin da ake kira Borders, wato kudancin Sikotilan wajen iyaka da Ingila. Yana kusa da kogin Tweed, a gindin duwatsun Eildon masu kai uku. Mutanensa ko a yau ba su wuce kimanin 2,500 ba, wato wata unguwar tamu ma ta ninka shi. Abin da aka fi saninsa da shi a da shi ne kangon wani tsohon gidan ibada na Kirista da Sarki David na Ɗaya ya kafa a 1136. Maƙwabtansa irin su Galashiels da Hawick da Selkirk garuruwa ne na masaƙu, inda ake sarrafa gashin tumaki a yi yadi. A ƙarni na 19 ma'aikatan waɗannan masaƙu da manoma da masu sana'ar hannu ne suka rungumi zari-ruga. A manyan birane irin su Edinbara wasan na 'ya'yan masu hali ne da suka fito daga makarantun kuɗi, amma a Borders na kowa ne, kuma kishin gari ake kai wa fili. Idan Gala, wato kulob ɗin Galashiels, za ta kara da Melrose, garuruwan da tsakaninsu bai fi mil huɗu ba, ranar ba a maganar zumunci.

An kafa kulob ɗin Melrose a 1877, filinsa kuma shi ne Greenyards, a tsakiyar gari. Shekara shida kacal da kafuwa, aljihu ya bushe.

A cikin 'yan wasan akwai wani saurayi, Ned Haig. An haife shi a garin Jedburgh a watan Disamba na 1858. A can ya taso yana shiga wani wasan gargajiya na shekara-shekara, inda mutanen gari ke rabuwa biyu, 'yan sama da 'yan ƙasa, su yi ta kokawar wata 'yar ƙwallo a cikin tituna. Da ya ƙaura Melrose neman abinci, sai ya kama koyon fawa a shagon wani mahauci mai suna David Sanderson, wanda shi ne kyaftin na kulob ɗin. Haig ya fara buga wa Melrose a 1880. Yaro da maigidansa ke nan, da safe suna kan nama, ranar Asabar da yamma suna fili ɗaya.

Lissafin mahauci

Da aka zauna neman mafita, shawarar da ta fito ita ce a shirya ranar wasanni, a gayyaci kulob-kulob na maƙwabta, a karɓi kuɗin ƙofa. Shekaru bayan haka Haig da kansa ya rubuta cewa rashin kuɗi ne ya sa suka yi ta wasa ƙwaƙwalwa don kada kulob ɗin ya durƙushe. Sai dai akwai cikas. Ɗauki ƙungiya bakwai a tsarin da duk wanda aka ci ya fita: wasa shida ake buƙata kafin a sami zakara. Idan kowane wasa zai ci kusan awa ɗaya da rabi, rana za ta faɗi ba a kai rabi ba. Kuma wane ɗan adam ne zai yi cikakken wasan zari-ruga sau uku a yini guda ya tashi da ƙafarsa?

Nan ne Haig da maigidansa suka yi abin da mahauci ya saba yi kullum: suka dubi abin da ke gabansu, suka yanke shi daidai aljihun mai saye. Aka cire mutum takwas daga kowane ɓangare, aka bar bakwai. Aka mai da tsawon wasa minti 15. Da haka duk gasar za ta shiga cikin yammaci ɗaya, ɗan kallo ya biya kuɗin ƙofa sau ɗaya ya ga ƙungiyoyi da yawa, ƙaramin ƙauyen da ba zai iya haɗa ƙwararru 15 ba kuma zai iya samo bakwai. Babu wanda a cikinsu ya zauna da niyyar ƙirƙiro sabon wasa. Bashi suke so su biya.

Ranar 28 ga Afrilu, 1883

Ranar Asabar ce. An shirya tseren gudu, da gasar buga ƙwallo daga nesa, da ta jan ƙwallo da ƙafa, amma abin da ya tara jama'a shi ne karawar bakwai-bakwai. Ƙungiyoyi bakwai suka shiga: Melrose, Gala, Selkirk, Earlston, Gala Forest, St Cuthbert's ta Hawick da St Ronan's ta Innerleithen. Matan garin Melrose ne suka haɗa kuɗi suka sayi kofin azurfa, shi ya sa aka sa masa suna Kofin Mata. An tanadi jiragen ƙasa na musamman daga Galashiels da Hawick, kuma jaridar yankin ta ruwaito cewa an karɓi tikiti wajen 1,600 a ranar. Ga gari irin Melrose, wannan taro ne na ban mamaki.

Wasan ƙarshe ya faɗo tsakanin masu gida da Gala, abokan gabar da aka fi ji da su. Haig da Sanderson duk suna cikin bakwai ɗin Melrose. Aka yi minti 15 babu wanda ya ci. Kyaftin biyu suka amince a ƙara wasu minti 15. Ana wajen minti goma da shiga ƙarin lokacin sai Sanderson ya sami hanya, ya tsallake layi ya dangwala ƙwallo. Me kuke tsammani ya biyo baya? Ko bugun ƙarin bai tsaya yi ba. Ya tattara yaransa suka fice daga fili, suka ce kofi nasu ne. 'Yan Gala suka ce ina, ai saura lokaci, yarjejeniyar minti 15 aka yi. 'Yan kallo suka cika fili, hayaniya ta kaure, aka tashi baram-baram. Kofi dai ya zauna a Melrose.

Idan za a faɗi gaskiya, 'yan Gala suna da hujja. Abin da aka yi alkawari ba shi aka cika ba, kuma wanda ya karya shi ne mai masauki. Amma abin dariyar shi ne, wannan ƙarfa-ƙarfa ta Sanderson ita ce daga baya ta zama doka: har yau a wasan bakwai-bakwai, idan aka tashi kunnen doki a zagayen fitar da gwani, wanda ya fara ci a ƙarin lokaci shi ya yi nasara, nan take a busa. Bambancin kawai, yanzu kowa ya san dokar tun kafin a take ƙwallo. Abin da ya fi muhimmanci kuma, rigimar ba ta kashe gasar ba. Da shekara ta zagayo Gala ta dawo Greenyards, kuma ita ta ɗauke kofin na 1884. Melrose ta karɓe shi a 1885. A 1886 wata ƙungiya daga arewacin Ingila, Tynedale, ta tsallako iyaka ta tafi da shi.

Yadda abin ya yaɗu

Maƙwabta sun ga kuɗin da aka tara a ƙofa, ba su tsaya jiran a yi musu wa'azi ba. Gala ta fara tata gasar a 1884, Hawick a 1886, Jed-Forest a 1894, Langholm a 1908. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya Selkirk da Kelso da wasu suka bi sahu. Kowane gari ya kama ranarsa, ba a cin karo da juna, ta yadda ƙungiyoyin za su riƙa zagayawa mako-mako, yau ku ne baƙi, gobe ku ne masu gida. Ta Melrose ta daɗe tana faɗowa a Asabar ta biyu ta watan Afrilu. A shekarun 1990 aka haɗa waɗannan gasanni a tsari guda ana tara maki, wanda ya fi yawa a ƙarshen kaka a naɗa shi sarkin 'yan bakwai.

Kusan shekara arba'in wasan ya yi yawanci a wannan lungu, manyan hukumomin zari-ruga suna kallonsa a matsayin shagalin 'yan ƙauye na rufe kaka. Fitarsa ta sosai ta zo a 1926, lokacin da wani likita ɗan Sikotilan mazaunin Landan, Dokta Russell-Cargill, ya jagoranci kafa gasar Middlesex a filin Twickenham don tara kuɗin taimakon asibitoci. Ned Haig ya rayu ya ga wannan. Ya rasu a watan Maris na 1939, ana saura 'yan makonni a yi gasar wannan shekarar. Abin da ya biyo baya kuwa ko a mafarki bai gani ba.

A 1973 hukumar zari-ruga ta Sikotilan ta cika shekara 100, ta shirya gasar bakwai-bakwai ta ƙasa da ƙasa a filin Murrayfield na Edinbara, Ingila ta lashe. A 1976 aka fara gasar Hong Kong, wadda ta buɗe ƙofa ga ƙasashen Asiya da tsibiran tekun Fasifik, kuma a can ne duniya ta gane cewa 'yan Fiji kamar don wannan wasa aka halicce su. A 1993 aka yi Gasar Kofin Duniya ta farko ta 'yan bakwai, a Murrayfield, aka sa wa kofin suna Kofin Melrose don girmama garin da abin ya faro.

A nan akwai abin da zai ba mu sha'awa mu mazauna kurmi. Ingila ce ta ci wannan kofi na farko, ta doke Ostireliya da ci 21 da 17 a wasan ƙarshe. Kyaftin ɗin da ya fara ɗaga Kofin Melrose a tarihi, Andrew Harriman, a Legas aka haife shi a 1964, kuma gudunsa na cikin abin da ya kai su ga nasara. A cikin tawagar akwai Adedayo Adebayo, haifaffen Ibadan, ɗan Janar Adeyinka Adebayo wanda ya yi gwamnan soja na Yamma. Wato sunan wannan ɗan gari na Sikotilan, hannun ɗan Ikko ne ya fara ɗaga shi sama a gaban duniya.

Daga nan abin ya yi ta gaba. Wasan ya shiga gasar ƙasashen Kwamanwel a 1998. A 1999 aka fara zagayen duniya na shekara-shekara. A 2009 aka yi Kofin Duniya na mata na farko a Dubai, kuma a watan Oktoba na wannan shekarar kwamitin Olamfik ya amince da wasan. A birnin Rio a 2016 Fiji ta lallasa Birtaniya 43 da 7, ta ci zinare, lambar Olamfik ta farko a tarihin ƙasar. Murna ta sa har takardar kuɗi ta dala 7 suka buga. A wannan shekarar dai Kenya ta ci zagayen Singafo. Abin lura shi ne, dalilin da ya sa ƙananan ƙasashe ke iya kai wa manya a wannan wasa shi ne dalilin da Haig ya gani tun 1883: haɗa gwanaye bakwai ya fi haɗa 15 sauƙi da araha.

Ita kuma uwar gasar fa?

Duk wannan ɗaukaka da 'ya'yanta suka samu, gasar Melrose tana nan inda take, a Greenyards, a hannun kulob ɗin garin da masu aikin sa kai. Yaƙe-yaƙen duniya biyu sun dakatar da ita na wasu shekaru, ta dawo. A watan Janairu na 1969 aka rufe layin dogon da ke bi ta garin, wanda shi ya kwaso 'yan kallon farko. Jama'a suka koma zuwa a mota. Sai a 2015 jirgi ya dawo yankin, ya tsaya a Tweedbank, kusa da garin. Annobar korona ta hana yin gasar a 2020 da 2021, aka ci gaba a 2022. A shekaru masu kyau 'yan kallo kan haura dubu goma, wato ninkin mutanen garin sau huɗu, kuma talabijin ta daɗe tana nuna ta kai tsaye, da muryar shahararren mai sharhin nan ɗan Hawick, Bill McLaren.

Hawick ce ta fi kowa yawan cin kofin. Kelso ta yi zamaninta a shekarun 1980. Masu gida kuwa sau da yawa sukan shirya biki wani ya ci tuwon: bayan nasarorin 1997 da 1998 sai da suka jira har 2011. Al'adar gayyatar baƙi daga nesa ita ta ƙara wa gasar armashi. A bikin cika shekara 100 a 1983 wata tawagar Faransa, French Barbarians, ce ta ci. A 1990 Randwick ta Ostireliya ta zo da David Campese, ɗaya daga cikin fitattun 'yan wasan duniya na lokacin, ta tafi da kofin. Ku yi tunanin ɗan wasan ƙauye, wanda jiya yake kan tarakta a gona, yau ga shi gaba da gaba da wanda yake gani a talabijin. Wannan shi ne daɗin Melrose. A 2008, shekara 125 da farawa, hukumar zari-ruga ta duniya ta shigar da sunan Ned Haig da na kulob ɗin cikin jerin gwarazan da take karramawa.

Amma kada a ɗauka komai lafiya lau. A watan Agusta na 1995 zari-ruga ya zama sana'a, aka halatta biyan 'yan wasa albashi. Tun daga nan manyan 'yan wasa suka zama mallakar ƙungiyoyin da ke biyansu, kuma babu mai son ya saki ɗan wasan da ya kashe wa kuɗi ya je ya karye a gasar yini ɗaya. Taurarin ƙasa da a da sukan sa rigar garinsu su fito a Greenyards sun yi ƙaranci. Kuɗin talla da na talabijin sun bi manyan birane irin su Dubai da Hong Kong. A gefe guda kuma, idan tawagogin gayyata masu 'yan wasa na sana'a suka zo suna ɗauke kofi a kai a kai, 'yan yankin kan yi gunaguni cewa an mai da su 'yan rakiya a gidansu. Masu shirya gasar suna tsaka mai wuya: in babu baƙi babu taro, in baƙi sun yi yawa gasar ta tashi daga ta gari. Sun ƙara wasannin mata da na matasa da kaɗe-kaɗe don su riƙe jama'a, an kuma shimfiɗa wa filin ciyawar roba a 2019 don a riƙa amfani da shi duk shekara. Wato dai tambayar da ta sa aka zauna a 1883 ita ce har yanzu a kan tebur: ina za a samo kuɗin riƙe kulob?

Ni abin da ya fi tsaya mini a wannan tarihi shi ne girman abin da suka fara da shi. Da Haig da Sanderson sun nace sai an yi gasa irin ta manya, mutum 15 da cikakken lokaci, da ko sau ɗaya ba a yi ba. Sun auna ƙarfinsu, suka yanka abin daidai yammaci ɗaya da fili ɗaya, suka bar matan gari suka sayi kofi, suka jawo maƙwabta har da waɗanda ba sa ga maciji da su. Da aka yi rigima ranar farko ba su fasa ba, waɗanda aka ɓata wa rai ma ba su yi zuciya ba. Sauran aikin kuma maimaitawa ne: a dawo baɗi, a wuri guda, a lokaci guda, har mutane su riƙa sa ranar a lissafinsu ba tare da an aika musu goron gayyata ba.

Mu ma nan mun ga gasa nawa aka buɗe da kiɗa da manyan baƙi da alkawarin miliyoyi, ba ta ga shekara ta uku ba? Masu riƙe da kulob-kulob ɗinmu na matasa, idan kun zauna shirin ta bana, ku fara da tambayar abin da za ku iya maimaitawa shekara goma a jere ko da babban mutum bai ɗaga waya ba. Sannan, don Allah, dokar kunnen doki a rubuta ta a takarda, kowane kyaftin ya sa hannu, tun kafin alƙali ya busa usur.